Totur a Hannun Wa: Direba ko Na'ura?

Malejin yawancin motocin da ke kan titunanmu yana tashi daga sifili ya kai 220, wani 240, wani ma 260. Amma a Najeriya babu hanyar da doka ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a awa, kuma a mafi yawan ƙasashe iyakar ba ta haura 120 ko 130. Ke nan kusan rabin abin da ke rubuce a maleji gudu ne da doka ta hana. Duk da haka kamfani ya ƙera motar a haka, gwamnati ta karɓi kuɗin fitonta, ta ba ta lamba, sannan ta tura jami'ai su tsaya a rana suna dakon wanda zai mori abin da aka sayar masa. Shi ya sa masu fafutukar kiyaye haɗurra suka daɗe suna tambaya: me zai hana a ɗaure motar tun daga masana'anta, kowa ya huta? Masu adawa kuwa suka ce mota dukiyar mai ita ce, kuma ranar da hukuma ta sa ƙafarta a kan totur ɗin mutum, ba a nan za ta tsaya ba.

Na'urori iri biyu ake haɗawa a wannan muhawara, kuma rashin bambance su ne ke sa a yi ta musu ba a kan abu ɗaya ba. Ta farko tsohuwa ce, aikinta ɗaya tak: ana saita mata wani adadi, da zarar mota ta kai nan sai ta rage man da ke shiga inji, ko direba ya danne totur har ƙasa. Ba ta san gari ba, ba ta san daji ba. Irinta ce Tarayyar Turai ta wajabta wa manyan motoci tun farkon shekarun 1990, tirela 90, babbar bas 100. Lardunan Ontariyo da Kebek na Kanada sun ɗaure tireloli a 105 tun 2009. Kamfanoni ma kan yi don kansu: manyan masu ƙera motoci na Jamus sun daɗe suna tsayar da yawancin motocinsu a 250, na Japan a 180 a kasuwar gida, Volvo kuma ya koma 180 tun 2020.

Ta biyu ita ce sabuwa, wadda ake taƙaita sunanta da ISA. Tana da kyamara a saman gilashin gaba mai karanta allunan gefen titi, tana da taswira, tana kuma amfani da tauraron ɗan'adam don sanin inda motar take. Idan allo ya ce 50 sai ta san 50 ne, idan aka fita gari ya koma 100 sai ta bi. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2019 ta wajabta ta ga sabbin samfura daga Yulin 2022, sannan ga kowace sabuwar mota da aka sayar daga 7 ga Yulin 2024. Da aka ji labarin, da yawa sun ɗauka an ƙwace tuƙi daga hannun Turawa ke nan. Ba haka ba ne. Dokar ta ba kamfani zaɓi: ko na'urar ta yi ƙara, ko ta girgiza, ko totur ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafa, ko ta rage wa inji ƙarfi a hankali. A kowane hali direba na iya danne totur ya wuce, yana kuma iya kashe ta gaba ɗaya, sai dai duk lokacin da ya sake tayar da motar za ta farka. Mafi yawan kamfanoni sun zaɓi ƙarar, don ita ce mafi araha. Har ƙungiyoyin da suka yi shekaru suna neman dokar suka koka cewa an ba su mafi raunin nau'i, wanda direba zai gaji da shi ya saba da kashewa.

Hujjar masu goyon baya ba ta buƙatar dogon bayani, lissafi ne. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, ninkuwa yake yi. Wanda ya tashi daga 100 zuwa 120 ya ƙara gudu da kashi 20 cikin 100, amma ƙarfin dukan da zai yi ya ƙaru da kashi 44. A gudun 120, mota na cin mita 33 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafa ta bar totur ta isa birki an riga an shafe tsawon motoci bakwai ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4, kuma mai tafiya a ƙasa da aka buge a gudun 65 ya fi wanda aka buge a gudun 50 yiwuwar mutuwa sau huɗu da rabi. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma babu abin da ke kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin mota. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci.

Abin da ake saye da wannan kasada kuwa bai taka kara ya karya ba. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. A gudun 100 ba tsayawa, awa biyu da minti 18. A gudun 120, awa ɗaya da minti 55. Minti 23 ke nan, kuma wannan a takarda ne, inda babu shingen jami'ai, babu rami, babu cunkoson Kwanar Dangora ko na Zariya. A zahiri wanda ya wuce ka kamar walƙiya shi za ka tarar yana sayen rake a gaba.

To ina batun 'yanci? A ganina, idan aka tsaya a kan 'yanci tsagwaronsa, hujjar ba ta da ƙafa. Akwai dokokin da ake yi don kare mutum daga kansa, kamar ɗaura bel ko sa hular kwano, kuma a nan mai cewa a ƙyale shi da ransa yana da abin faɗa, ko da ba a yarda da shi ba. Gudun wuce sa'a ba ya cikin wannan aji. Wanda ya fi cutuwa sau da yawa ba shi ne ya zaɓi gudun ba: fasinja ne, ko yarinya mai tallar gyaɗa a bakin titi, ko ɗan acaɓa, ko iyalin da ke tahowa a ɗaya hannun. A Janairun 2022, a arewacin Las Begas ta Amurka, wani direba ya keta jar danja a gudun da ya kai kusan kilomita 166, a unguwar da iyakarta ba ta kai 60 ba, ya daki wata Sienna. Mutum tara suka mutu, bakwai daga cikinsu 'yan gida ɗaya. Bincike ya nuna an sha kama shi da laifin gudu kafin ranar. Wannan haɗari ne ya sa hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta nemi a wajabta na'urar ga sabbin motoci a ƙarshen 2023. Da wuya a samo wani 'yanci da aka tauye wa wannan direba da motarsa ta ƙi wuce 100 a cikin gari.

Malamai ma sun yi magana. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da sakacinsa ya kashe rai yana ɗaukar hukuncin kisan kuskure. Mun san abin da wannan ke nufi: diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Amma ka shiga motar haya ka ji abin da ake faɗa. Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Direba, don Allah a hankali, rayuka ka ɗauko." Shi kuma ya amsa ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, "Hajiya, in kwana ya ƙare ko a kan gado ne." Sai wani matashi ya sa baki, "Ƙyale ta, taka mana, dare muke gudu." Ƙaddara gaskiya ce, amma ban taɓa jin direban da ya cire birkin motarsa ya dogara da ita ba.

Duk da haka, wanda ya raina masu adawa bai karanta tarihin Amurka ba. A motocin samfurin 1974 gwamnatin ƙasar ta wajabta wata na'ura da ke hana inji tashi sai an ɗaura bel. Jama'a suka harzuƙa, aka yi ta cire wayoyin, kafin shekarar ta ƙare majalisa ta soke dokar har ta haramta wa hukuma sake yin irinta. Bel ɗin bai daina ceton rai ba, amma an yi shekaru kafin a dawo da maganarsa ta wata hanya. A Satumbar 2024 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya ƙi sa hannu a dokar da za ta sa sabbin motoci su yi ƙara kawai idan direba ya haura iyaka da mil 10, yana mai cewa ƙa'idar ƙera mota aikin gwamnatin tarayya ne. A 2025 kuma gwamnatin tarayyar ta janye shirin ɗaure manyan motoci da aka yi ta jan ƙafa a kansa tun 2016, bayan ƙungiyar direbobi masu motar kansu ta yi tsayin daka. Wannan a ƙasar da gudu ke da hannu a kusan kashi 30 na mace-macen hanya. Faransa ta rage iyaka daga 90 zuwa 80 a ƙananan hanyoyi a Yulin 2018, matakin ya shiga cikin abubuwan da suka rura zanga-zangar masu rawayar riga, aka lalata fiye da rabin kyamarorin kama masu gudu. Jamus har yau ta kasa sa iyaka a wasu sassan manyan hanyoyinta. Mutane na jin mota a jikinsu fiye da yadda lissafi ke nunawa, kuma dokar da jama'a suka tsana takan mutu ta ja wasu dokoki masu amfani zuwa kabari.

Ƙorafe-ƙorafen da suka fi nauyi ba ma na falsafa ba ne. Na'urar na kuskure. Ƙa'idar Turai da kanta ta amince da na'urar da ta gane iyaka daidai a kashi 90 na tafiya, wato an yarda ta ɓata a kilomita ɗaya cikin goma. Takan karanta allon ƙaramin titin da ke gefe, ko lambar da aka manna a bayan tirela, ta ɗauka nata ne. Idan ƙara kawai za ta yi, abin haushi ne. Idan kuwa tana da ikon rage gudu ba tare da direba ya iya ƙetare ta ba, to mota ta sauko zuwa 50 a tsakiyar babbar hanya da tanka a bayanta ba wasa ba ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada a ba irin wannan na'ura cikakken iko yanzu.

Sai maganar obatekin. Direbobi kan ce a hanya mai hannu ɗaya, irin ta Funtuwa zuwa Gusau, idan ka fito za ka wuce tirela sai ga wata mota ta ɓullo, totur ne kaɗai zai fitar da kai. Wani direban tirela a Ontariyo ya kai wannan hujja kotu, ya yi nasara a 2012, amma kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta tabbatar da dokar a 2015. Akwai gaskiya a maganar direbobin, sai dai rabinta ce. Mafi yawan obatekin da ke buƙatar 140 kafin a tsira, tun farko bai kamata a fara shi ba. Direban da ya san motarsa ba ta wuce 100 yakan jira fili, kamar yadda mai tsohuwar mota ke yi ba tare da doka ta sa shi ba.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na sirri. Na'urar da ta san inda kake da gudun da kake yi, taku ɗaya ya rage ta faɗa wa wani. Wannan ba zato ba ne. A 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa General Motors na miƙa bayanan tuƙin masu motocinsa ga dillalan bayanai, su kuma su sayar wa kamfanonin inshora, wasu mutane suka ga kuɗin inshorarsu ya tashi ba su san dalili ba. Sai da hukumar kare masu saye ta ƙasar ta shiga tsakani. Idan haka ta faru inda ake da kotuna masu ƙarfi, sai a auna ƙasar da ɗan jarida ko ɗan adawa ke da dalilin ɓoye inda ya kwana. A nan ne 'yanci na gaske yake, ba a gudun 160 ba. Kuma ana iya raba biyun: na'ura ta karanta allo ta yi aikinta a cikin mota, doka ta haramta mata aika komai waje.

A Afirka ma ba mu zauna ba. Kenya ta ɗaure motocin haya a 80 tun 2004, a zamanin ministan sufuri John Michuki, mace-mace ta ragu a farkon lamarin, da sa ido ya yi sanyi aka koma gidan jiya. Ruwanda ta ɗaure motocin haya da na kaya a 60. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a ƙarƙashin Boboye Oyeyemi, ta fara da jan kunne a ranar 1 ga Oktoban 2016, ta shiga tilastawa ga motocin haya daga 1 ga Fabrairun 2017. Dalilinta a bayyane yake: a rahotanninta na shekara-shekara gudu ne kan gaba a musabbabin haɗurra. Tana ƙirga mamata sama da 5,000 a shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta ainihin adadin ya haura 35,000. Manyan kamfanonin sufuri masu ɗaruruwan motoci sun fi bin umarnin, don su ma ribarsu ce: mai ya ragu, taya ta daɗe, mota ta kai shekarunta. A tasha kuwa labarin daban ne.

Direban Sharon ko Hummer da ke lodi a tasha ba don nishaɗi yake gudu ba, kuma bai taɓa kiran abin da yake yi 'yanci ba. Mai mota na jiran balas da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Ga kuɗin yuniyon, ga na kamasho, ga abin da ake miƙawa a kowane shinge, ga mai da ya ninka tun da aka cire tallafi a 2023. Abin da zai kai gida yana cikin sawu na biyu, kuma sawu na biyu na wanda ya riga isa ya shiga layi ne. Ka ce wa wannan mutum ya cire kuɗi daga aljihunsa ya sayi abin da zai rage masa sawu, alhali ɗan'uwansa da bai sa ba zai riga shi layi, ka san amsar. Sai ya je wurin mai wayarin. A sa na'urar, a karɓi takardar shaida, sannan a ja wata siririyar waya zuwa wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari inda gwiwa ke rufewa. An hango jami'ai, a danna. An wuce, a sake dannawa. Takarda ta cika, mota na 140.

Akwai kuma tsoron da Bature bai sani ba. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari ya san yadda mota ke yin tsit idan an doshi Katari da Rijana, kowa na fatan direba ya ƙara wuta. Ba zan ce wa wanda ya taɓa jin harbi a bayansa tsoronsa ba hujja ba ne. Amma masu tare hanya gaba suke tarewa, kuma abin da ke ceton mota a lokacin shi ne direba ya hango da wuri ya iya tsayawa ya juya, abin da gudun 150 ke hana shi. Rashin tsaro dalili ne na a gyara tsaro. Ya zama dalilin barin motar fasinja 18 ta yi gudun da taya 'yar gwanjo ba za ta ɗauka ba, wannan kam ban gamsu ba.

Wani gibin da ba a cika faɗa ba shi ne, na'ura mai adadi ɗaya ba ta taɓa inda jini ya fi zuba. Bas da aka ɗaure a 90 tana iya ratsa kasuwar ƙauye ranar cin kasuwa a gudun 90, ba ta karya saitinta ba. Tirelar da birkinta ya tsinke a gangare ba ruwanta da na'ura, don mai kawai take ragewa, ba ta kama ƙafa. Lodin mutane a kan buhuna, tuƙin dare ba barci, ƙwayoyin da ake sha don a kore barcin, duk suna nan.

Idan aka tattara, ba hukunci ɗaya ya dace da kowa ba. Motar da ke ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi a ɗaure ta ɗaurin da ba a kwancewa, domin wanda ya biya kuɗin mota bai sayar da ransa ba, kuma direban ma'aikaci ne a bakin aiki. Amma alhakin ya hau kan mai mota da tashar da ta yi lodi, a kuma riƙa gwada motar a kan hanya maimakon duba takarda. Wanda kotu ta kama da gangancin gudu sau da yawa, shi ma a ɗaure tasa. Jihar Bajiniya ta Amurka ta yi dokar da ta ba alƙali wannan dama a 2025, kuma dabarar ta fi ƙwace lasisi, tunda da yawa daga waɗanda aka ƙwace wa kan ci gaba da tuƙi. Motar gida kuwa, na'urar da ke taurara totur amma ta bar direba ya ƙetare idan ya matsa ta wadatar, da sharaɗin ba ta kai rahoto ko'ina. Indiya ta bi hanya mafi sauƙi tun 2019: kowace sabuwar mota na yin ƙara a 80, a 120 kuma ƙarar ba ta yankewa.

Mu dai ko mun yi doka ko ba mu yi ba, na'urar na tafe. Motocin da aka sayar a Beljiyam da Jamus a 2024 su ne za su sauka a Kwatano da Lome nan da wasu shekaru, su shigo Maraɗi da Kano da kyamarorinsu. Kyamarar allo take nema, taswirar kuma sai an shigar mata da iyakar kowane titi. A hanyoyinmu mutum kan yi tafiya mai nisa bai ga allon gudu ko ɗaya ba, wasu sun shuɗe, wasu 'yan jari-bola sun tsinke, wasu an lulluɓe su da fastocin 'yan takara. Kafa alluna da shigar da iyakokin a taswira aiki ne na ma'aikatun ayyuka da hukumomin hanya, ba ya buƙatar kobo daga aljihun direba, kuma babu mai cewa an taɓa masa 'yanci idan aka yi shi.